Duhun Ƙasan Idon Yaro: A Duba Hanci, A Tsare Ido

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin lafiyar yaro ma sau da yawa a fuska yake fara bayyana. Akwai wata alama da iyaye suke gani a fuskar 'ya'yansu, amma ba kowa ya san ma'anarta ba. Alamar ita ce duhu a ƙasan ido. Fatar wurin takan yi baƙi fiye da sauran fuska, kamar an goga gawayi. Wani lokaci takan ɗan kumbura. Idanu biyun ne suke yi tare.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara bakwai a Unguwar Tudu, cikin ƙasar Gwarzo. An gama yankan dawa, mata suna sussuka da shiƙa a bayan gida. Yaron yana wasa a kusa da su. Kwana biyu sai ya fara atishawa ba ƙaƙƙautawa. Hancinsa ya toshe. Kullum hannunsa yana kan ido yana murza. Bayan mako uku, ƙasan idonsa ya yi duhu, farin idon ya koma ruwan ƙasa.

Kowa a gidan da nasa bayanin. Kakarsa ta ce kambun baka ne. Babansa ya ce yawon dare ne ya hana shi barci. Maƙwabciya ta ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa. Malaminsa kuwa ya ce ya zama rago, kullum gyangyaɗi a aji. Ranar kasuwa wani ya sayo maganin ɗigawa a kemis, aka fara ɗiga masa.

Duk sun yi ne don ƙauna. Amma mai yiwuwa ba wanda ya dace a cikinsu. Sau da yawa irin wannan duhu alama ce ta wata larura da ake kira borin jiki. A asibiti ana ce mata aleji.

MENE NE BORIN JIKI?

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da masu tsaro a cikinsa. Aikinsu shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. Idan cuta ta shiga, sai su tashi su far mata.

A jikin wasu mutane, masu tsaron nan sun cika zafin kai. Suna tasar wa abin da ba shi da wata illa, kamar ƙura, ko bununin dawa, ko gashin kyanwa. Kamar kare ne mai haushin ɓarawo, ya kuma yi wa ɗan gida haushi. Idan suka tashi, sai su saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne yake kawo ƙaiƙayi, da kumburi, da atishawa, da zubar hawaye da majina.

Larurar ta daɗe a duniya. Wani babban likita Musulmi na ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, mai suna Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya yi rubutu a kan masu kamuwa da mura duk lokacin da furen wardi ya buɗe. A shekarar 1873 wani likita a Ingila, Charles Blackley, ya wallafa sakamakon gwajin garin fure da ya yi a jikinsa, wanda ya tabbatar shi ne yake tayar masa da murar. A shekarar 1906 wani likitan yara a ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya raɗa wa larurar suna aleji.

Borin jiki ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. Ba a ɗaukarsa a ƙwarya ko a tabarma. Amma yana bin jini. Idan uwa ko uba suna da asma, ko yawan atishawa, ko ƙaiƙayin fata, to 'ya'yansu sun fi saurin samunsa.

YAYA HANCI YAKE JAWO DUHU A IDO?

Manoman rani na bakin madatsar Guzuguzu a ƙasar Kabo za su gane wannan da sauri. Idan hanyar ruwa ta toshe a ƙasa, ruwa yakan taru a sama, ya kwanta a fangali.

Haka abin yake a fuska. A ƙasan ido akwai ƙananan jijiyoyin jini. Jinin da yake cikinsu yana bi ta gefen hanci idan zai koma. Idan borin jiki ya sa cikin hanci ya kumbura, sai hanyar ta matse. Jini ya riƙa tafiya a hankali, yana taruwa a ƙasan ido. Fatar wurin kuwa tana cikin mafi rashin kauri a jikin mutum. Saboda haka duhun jinin yakan fito fili.

Akwai dalili na biyu. Yaro mai ƙaiƙayin ido ba ya barin murza. Baƙar fata kuwa idan ta sha goga, ƙara baƙi take yi. Kowa ya ga yadda gwiwa da gwiwar hannu suke fin sauran jiki duhu. Haka fatar ido take yi idan ana murza ta kullum.

Ke nan duhun ɗan aike ne kawai. Ciwon yana cikin hanci da cikin ido. Shafa mai ko wani magani a kan duhun ba zai kawar da shi ba. Idan hanci ya buɗe, ƙaiƙayi ya lafa, duhun yakan ragu da kansa a hankali.

A fatar mai duhun jiki, alamar ba ta saurin fitowa. A fito da yaro waje da safe, a inuwa mai haske. A kwatanta ƙasan idonsa da kumatunsa.

ALAMOMIN DA SUKE TAFIYA TARE

Duhun ƙasan ido shi kaɗai bai isa shaida ba. Sai an haɗa shi da wasu alamomi. Ga su:

1. Atishawa a jere, sau biyar ko fiye, musamman da sassafe ko lokacin shara.

2. Majina fara mai ruwa-ruwa, wadda take ɗaukar makonni.

3. Toshewar hanci. Yaro yana barci baki buɗe, yana minshari, ya tashi da bushewar baki.

4. Yawan tura hanci sama da tafin hannu. Idan abin ya daɗe, wani siririn layi yakan fito a kwance a kan karan hanci.

5. Ƙarin ninki ɗaya ko biyu a fatar ƙasan ido.

6. Ƙaiƙayin ido, da hanci, da ganɗa, wani lokaci har cikin kunne.

7. Bushewar fata da ƙaiƙayi a bayan gwiwa, da lanƙwasar hannu, da wuya.

8. Tarin dare, ko numfashi mai fito bayan gudu.

Yaron da hancinsa ya toshe ba ya samun barci mai daɗi. Da rana sai gyangyaɗi, da saurin fushi, da rashin kama karatu. Kafin a ɗauki bulala a makarantar boko ko ta allo, a duba fuskarsa tukuna.

IDON DA YA KOMA RUWAN ƘASA

Akwai wani nau'in borin jiki mai tsanani da yake kama ido. An fi samunsa a ƙasashe masu zafi da ƙura, kamar arewacin Nijeriya da Nijar. Yakan fara tun yaro bai kai shekara goma ba. Ya fi kama maza.

Ƙaiƙayinsa mai tsanani ne. Yaro ba ya son hasken rana. Kwantsarsa fara ce mai yauƙi, tana jawuwa kamar zare. Farin ido yakan koma ja, daga baya ya zama ruwan ƙasa. Wani lokaci ana ganin wani ɗan tudu mai kamar ƙullu ya zagaye baƙin ido. Cikin fatar ido ta sama kuma yakan yi ƙuraje masu faɗi.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan launi a matsayin shawara. Akwai bambanci. Shawara tana sa ido ya yi rawaya kamar ɗorawa, fitsari ya yi duhu, kuma ba ta sa yaro murzar ido. Idan yaron ya fara tasawa, har zarginsa ake yi da shaye-shaye saboda launin idonsa, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Labari mai daɗi shi ne, yawancin yara suna rabuwa da wannan ciwo bayan sun balaga. Aikin iyaye shi ne su tsare idon har lokacin ya zo.

ABUBUWAN DA SUKE TAYAR DA SHI

Kowane yaro da abin da jikinsa ba ya so. Ga waɗanda aka fi haɗuwa da su a karkara.

Bununi da furen ciyawa. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, gero da dawa da masara suna fitar da bununi, ciyayi suna fure. Iska tana kwasar garin ta kai nesa.

Ƙurar amfanin gona. Sussuka, shiƙa, casar shinkafa, bugun wake, da injin niƙa duk suna tayar da ƙura mai shiga hanci. Ba banza ba Bahaushe ya kira dusar kan hatsi ƙaiƙayi.

Hazo. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada. Da yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ƙurar tana busar da hanci da ido, tana ƙara wa mai borin jiki wahala.

Ƙwarin shimfiɗa. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya iya gani. Suna zama a katifa, da matashi, da bargo. Ba kuɗin cizo ba ne, ba sa cizo. Kashinsu ne yake tayar da atishawa. Masana a ƙasar Holan ne suka gano haka a shekarar 1964. Sun fi yawa lokacin damina, domin suna son laima.

Fumfuna. Tana fitowa a bango mai laima, da tsohon rumbu, da harawar da ruwa ya taɓa.

Dabbobi da ƙwari. Kyanwa, da kaji da tantabaru masu kwana kusa da mutane, da kyankyasai.

Hayaƙi da ƙamshi. Hayaƙin murhu, da na taba, da maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta. Waɗannan suna fusata hancin da ya riga ya kumbura.

BA KOWANE DUHU NE BORIN JIKI BA

Wasu gidaje haka halittarsu take. Idan uwa da kaka duk suna da duhun ƙasan ido, yaro kuma lafiyarsa lau, ba atishawa ba ƙaiƙayi, to babu abin damuwa.

Rashin isasshen barci ma yana kawo shi. Yaro ɗan makaranta yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana.

Amma akwai wasu dalilai masu haɗari da dole a sani:

Ƙarancin jini. A ja fatar ƙasan ido a duba cikinta. Idan ta yi fari fat, tafin hannu ma ya yi fari, yaro yana saurin gajiya, to a kai shi a auna jininsa. Zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da cutar sikila, da rashin abinci mai gina jiki suna kawo haka.

Ƙarewar ruwan jiki. Idan yaro yana gudawa ko amai, idonsa ya faɗa ciki, wannan ba ya jira. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti.

Kumburin fuska. Idan yaro yana tashi da safe fuska a kumbure, ƙafafu ma sun kumbura, ko fitsarinsa ya ragu, ana iya zargin ciwon ƙoda ko tamowa.

Faɗuwa. Idan yaro ya faɗo daga bishiya ko babur, ya bugu a ka, daga baya kewayen idanunsa ya yi baƙi, a kai shi babban asibiti nan take.

Hanci ɗaya. Idan kafar hanci ɗaya ce take zubar da majina mai wari, mai yiwuwa yaro ya tura ƙwayar wake ko gyaɗa a ciki. Kada a zaƙula da tsinke. Ma'aikacin lafiya ne zai cire.

BAMBANCINSA DA MURA DA APOLO

Mura ta yau da kullum takan zo da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki. Tana bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ta wuce. Borin jiki ba ya zuwa da zazzaɓi. Yana ɗaukar makonni ko watanni. Yakan dawo a lokaci guda duk shekara, ko duk sa'ad da yaro ya shiga wani wuri.

Apolo kuma ciwon ido ne mai yaɗuwa. An fara ganinsa a ƙasar Gana a shekarar 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. Daga nan ya samo sunansa. Yana zuwa farat ɗaya, ido ya yi jawur, ya bi gida da makaranta, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Yaro mai borin jiki ba ya shafa wa kowa. Bai kamata a kore shi daga aji ba.

INDA BABBAN HAƊARIN YAKE

Duhun ƙasan ido ba ya makantar da yaro. Abin da ake zuba wa idon ne ya fi jawo asara. Garin neman gira kada a rasa ido.

Na farko, maganin ɗigawa na kemis. Akwai wani rukunin magani da ake kira sitiroyid. Idan aka ɗiga shi, ƙaiƙayi yakan tsaya kamar an ɗauke ruwan sama, ido ya yi fari. Iyaye su ji daɗi. Da ya ƙare ciwo ya dawo, sai a sake saye. A haka har a yi watanni. Ana cikin haka maganin yana iya tayar da hawan jinin ido, wanda asibiti suke kira gilakoma. Ciwon ba ya zafi a farko. Yana cin jijiyar gani a ɓoye, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin yana kuma iya kawo yanar ido tun yaro yana ƙarami. Idan akwai gyambo a ido, yana ƙara rura shi.

Wanda ya iya karatu zai iya kare gidansa. A duba jikin kwalba. Idan an ga Dexamethasone, ko Betamethasone, ko Hydrocortisone, ko Prednisolone, to sitiroyid ne. Yawancinsu suna ƙarewa da haruffan "sone" ko "lone". Likitan ido yana ba da su idan ciwo ya tsananta. Amma na ɗan lokaci ne, kuma yana auna idon. Kada a saya ba da izininsa ba. Kada a maimaita tsohuwar takarda. Kada a ari ragowar na maƙwabci.

Na biyu, haɗe-haɗen gida. Ruwan albasa, ruwan sukari, ruwan ganye, nonon uwa, fitsari, ruwan batir, babu ɗaya da ya dace da ido. Wasu suna ƙona shi, wasu suna shigar da ƙwayoyin cuta. Ƙarshensu gyambo, sannan hakiya.

Na uku, kwalli. An saba sa wa yara kwalli don ado da neman lafiyar ido. Amma dutsen da ake niƙawa a yi kwalli yawanci cike yake da dalma. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya da gubar dalma ta shiga jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, an samu fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jama'a ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a shekarar 2010 ba, inda yara wajen 400 suka rasu a garuruwan masu haƙar zinariya. Dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. Yaro mai murzar ido kuwa yana kwasar kwalli a yatsa ya kai baki.

Na huɗu, murzar kanta. Gaban ido akwai wani tantani garai kamar gilashi. Murza mai ƙarfi ta shekara da shekaru tana iya sa shi ya yi laushi ya turo gaba. Gani sai ya lalace, har tabarau ya kasa gyarawa.

Na biyar, man bilicin. Wasu suna shafa wa yaro don duhun ya washe. Yana ƙara wa fatar rauni, kuma da yawa daga cikinsu akwai sitiroyid a ciki.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Rigakafi ya fi magani. Yawancin matakan nan ba sa cin kuɗi.

1. A gano abin da yake tayar da ciwon. A sami ɗan littafi. Duk ranar da yaro ya tashi da atishawa ko ƙaiƙayi, a rubuta kwanan wata, da inda ya je, da aikin da ake yi a gida. Bayan wata ɗaya ko biyu, abin zai fara fitowa fili. A tafi da littafin idan za a ga likita.

2. A nisanta shi daga masussuka da injin niƙa. Idan dole ne ya taimaka, ya tsaya ta inda iska take fitowa, ya rufe hanci da ƙyalle ko takunkumi.

3. A yayyafa ruwa kafin shara. Yaro ya fita, sai ƙura ta kwanta ya dawo. Kada a ba shi aikin shara ko kaɗe shimfiɗa.

4. A shanya katifa, da matashi, da bargo a rana mai zafi kowane mako. A wanke zanen gado. Kayan sanyi da aka ajiye tun bara a wanke su kafin a sa.

5. Kaji, da tantabaru, da kyanwa su kwana a waje. Kada a ajiye buhunan hatsi ko harawa a ɗakin da yake kwana.

6. A yi amfani da gidan sauro maimakon maganin kunnawa. Kada a sha taba ko a kunna turaren wuta a ɗakinsa. A raba shi da hayaƙin murhu.

7. Idan ya dawo daga gona ko wasa, ya wanke fuska da hannu da ruwa mai tsabta. A yanke masa farce.

8. Idan ƙaiƙayi ya taso, a tsoma ƙyalle mai tsabta a ruwan randa mai sanyi. Ya rufe ido, a ɗora masa na minti biyar zuwa goma. Sanyi yana kwantar da ƙaiƙayi. A koya masa ya zo ya ce, "Inna, idona ya fara," maimakon ya murza. Duka ba ya hana murza.

9. Ana iya wanke hanci da ruwan gishiri. A tafasa ruwa rabin lita, wato kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya. A zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe bakin cokalin. A bari ya huce. A ɗiga kaɗan a kowace kafar hanci, yaro ya fyace a hankali. A haɗa sabo kowace rana. Wannan na hanci ne kawai. Ba a sa shi a ido.

10. Hula mai baki tana rage masa rana da ƙura a hanyar makaranta.

BATUN ABINCI

Wasu iyaye da sun ji an ce aleji, sai su hana yaro ƙwai, da gyaɗa, da nono, da kifi. Wannan kuskure ne. Duhun ƙasan ido da atishawa sun fi zuwa daga abin da aka shaƙa. Hana yaro abinci mai gina jiki ba tare da dalili ba yana iya kai shi ga tamowa. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Borin abinci na gaskiya ba ya ɓuya. Jim kaɗan bayan cin abin, leɓe ko fuska su kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, wani lokaci da amai. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti ba tare da jiran komai ba. Bayan haka likita ne zai faɗi abin da za a daina ci.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

A je asibitin sha ka tafi mafi kusa idan atishawa da toshewar hanci sun wuce mako biyu, ko suna hana barci da karatu. Akwai magungunan sha masu kashe kaifin histamin. Piriton tsohon magani ne da kowa ya sani, amma yana sa barci, yana iya hana yaro kama karatu. Akwai irin su Cetirizine da Loratadine da ba su cika sa barci ba. Akwai na ɗigawa a ido da ba sitiroyid ba, da na fesawa a hanci. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, ya faɗi adadi daidai da shekarun yaro. Kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta ba sa maganin borin jiki. Sayensu asarar kuɗi ce.

A nemi likitan ido da gaggawa idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Yaro ya kasa buɗe ido a haske.

Wani farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido.

Ido yana zafi sosai, ba ƙaiƙayi kawai ba.

Gani ya ragu, yana matsowa kusa da allo, ko yana tuntuɓe da kaya.

An daɗe ana ɗiga masa maganin kemis. A tafi da kwalbar a nuna wa likita, a roƙa a auna hawan jinin idon.

Mutanen Unguwar Tudu, da Getso, da Kutama, da Lakwaya, da maƙwabtansu na Garo da Kabo za su iya farawa da Babban Asibitin Gwarzo. Idan abin ya fi ƙarfin nan, za a tura su Kano. A can akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, wanda yake aiki tun shekarar 1943. Akwai Asibitin Ido na Makka, da Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota zuwa Kano yana da nauyi ga manomi. Amma bai kai nauyin rainon makaho ba.

Kada a manta da ƙirji. Hanci da huhu hanya ɗaya ce. Yara da yawa masu borin hanci suna da asma, wato fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma a duniya. Idan yaro yana tarin dare, ko ƙirjinsa yana fito, a gaya wa likita. Idan yana numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsa yana shiga ciki, ya kasa magana, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

ABIN TUNAWA

A koma kan yaron nan na Unguwar Tudu. Abin da yake buƙata ba shi da yawa. A ɗauke kwalbar kemis, a karanta sunan da yake jikinta. A raba shi da masussuka. A shanya shimfiɗarsa. A sa masa ƙyalle mai sanyi. A kai shi ma'aikacin lafiya ya duba hanci da ido da ƙirji. A sanar da malaminsa cewa larura ce take sa shi gyangyaɗi.

Borin jiki ba a cika warkewa daga gare shi da magani ɗaya ba. Lallaɓa shi ake yi, kamar yadda ake lallaɓa gona daga shuka zuwa girbi. Yaron da aka kula da shi zai yi barci, ya yi karatu, ya girma da idonsa lafiya.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa. Mata su tattauna shi a gidan suna da wurin biki. Kafin sussukar bana ta kankama, kowane magidanci ya kira 'ya'yansa waje da safe, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya raya zuri'a, ya tsare musu ganinsu, amin.